Awo Ba Gyara

Benci takwas ne a makarantarmu ta Hillat Mato, kuma a kansu aka yi rigimar. Wanda bai san ƙauye ba zai ce mene ne abin tada jijiyar wuya a kan benci takwas. To, a wurinmu su ne makarantar. Ɗakin mu muka gina da gayya, laka da ciyawa, amma bencin na majalisa ne, da hatimin hukuma a ƙarƙashin kowanne. Ranar da aka kwashe su an shafe sunan garinku daga littafin hukuma da ke birnin Sinja ke nan, malamar kuma a jefa ta wani wuri. Ni ce malamar. Sunana Mairama, amma a bayan idona Sit Shatta suke ce mini, wato Malama Barkono. Ban taɓa kai ƙarar kowa a kan haka ba, don ba ƙarya suka yi mini ba.

A shekarar 1968 ina da 'yan mata talatin da ɗaya. A jarrabawar da ta wuce biyar kaɗai suka ci, sai ga takarda daga Sinja cewa mufattishi, mai duba makarantu, zai zo bayan cirar auduga ya yanke hukunci. Na karanta takardar sau uku, kowane karo raina na ƙara ɓaci. Yarinyar Sinja tana shiga aji da Larabci a bakinta tun daga nono. Tawa tana shigowa da Hausa, harshen da kakanninmu suka zo da shi wannan ƙasa ta Larabawa, sai ɗan Larabcin tallan gyaɗa a tashar Abu Hujar. Sannan a ɗora musu takarda iri ɗaya a ce a ga gwani. Kamar ka ce da wanda ya taso daga nan da wanda ya taso daga Sakkwato su isa Makka rana ɗaya, wanda ya makara ka ce malalaci ne.

Mahaifina Maliki, Allah ya jiƙansa, noman bakin kogi yake yi. Idan damina ta kama, kullum da safe sai ya je ya kafa turke daidai inda ruwa ya tsaya. Bai taɓa tambayar ko kogi ya cika ba. Tambayarsa ita ce jiya a ina yake, yau a ina yake. Da wannan yake sanin ranar da zai kwashe bukkarsa da ranar da zai shirya iri. Ina zaune da takardar nan a cinyata na tuna da turakunsa, na ce yauwa, ai ni ma kogi nake gadi.

Kayan aikina ba su fi uku ba. Gwangwanin madara na huda a gindi da ƙusa, in na ɗora shi a kan ruwan daro yana sha a hankali har ya nutse. Yarinya za ta buɗe littafin Larabci ta yi ta karantawa, ni ina ƙirga kalmomin da ta faɗa daidai kafin gwangwani ya nutse. Sai karan dawa, kowace da nata, da sunanta a jiki. Kalma ɗaya, tsaga ɗaya da wuƙata. Tsagogin ranar farko na cika su da baƙin tawada, don kowa ya ga inda ta taso. Sannan ni da yarinyar mu zauna mu yi ciniki kamar na akuya.

"Ina za ki kai kafin a gama cirar auduga?"

Wata ta faɗi abin da ko ni ba zan iya ba, in sauko da ita. Wata ta faɗi na rago, in tura ta sama. Inda muka shirya sai in ɗaura jan zare a jikin karan, in manne ƙullin da ƙaro yadda ba mai gusar da shi, in rubuta lambar a gefe. Kowace Alhamis a fito da daro a sake awo, wadda ta ƙaru in ƙara mata tsaga. Ba wadda nake aunawa da 'yar uwarta. Kowace da karanta take tsere.

Gwanar ajin ita ce Hadizatu. Ta taso da ashirin, na ɗaura mata zare a arba'in da biyar, ina jin daɗin kaina. A can ƙasa kuma akwai Asabe, jikar tsohuwa Barakatu mai gyaɗa. Ranar awon farko gwangwani ya nutse Asabe ba ta furta ko kalma ɗaya ba, ta dai ƙura wa shafin ido hawaye na zuba. Don kada karanta ya zauna fari fat, na ɗiga mata tawada a gindinsa na ce daga nan muka taso. Na tambaye ta ina za ta kai, ta ce uku. Na ce goma sha biyu. Muka shirya a tara. Kafin a tashi hutun auduga Asabe ta kai bakwai, kuma kowace tsaga a cikin bakwai ɗin nan na san yadda muka sha wuya kafin a same ta.

Hutun cira mako shida ne. Rabin gari yakan hau lori ya tafi Managil, mata da yara har da tukwane, don can aikin ya fi auki. Yaran suka roƙe ni su tafi da karansu, na yarda, har na kwafa musu shafuka da hannuna su riƙa bita. Na ja musu kunne kada a jiƙa takarda, kada ƙanne su karya kara. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, don bai zo mini a rai ba sam. Wanda ya san halin iyayensa mata ya kamata ya faɗa.

Ran Asabar aka dawo. Yaran duk sun yi baƙi, yatsunsu sun farfashe da ƙayar auduga. Na karɓi karan ban duba ba, na ɗaure su dami ɗaya na jingine a lungu, da niyyar sai Alhamis a yi awo. Ban gama kiran suna ba na ji kukan lori a bakin gari. Mufattishin bai jira Alhamis ba, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da leburori biyu da igiya a bayan mota, ka san an gama yanke hukunci tun a ofis.

Sunansa Ustaz Abdussalami, dogo, da tabarau da farin wando da agogo a hannu. Ba zan ce mugu ne ba. Mutumin takarda ne, abin da ba shi da gurbi a takardarsa bai faru ba a duniya. Muka gaisa da Larabci, da shi kuma muka yi duk maganarmu. Kafin ya zauna matan gari sun cika tagogi da ƙofa, don lori ba ya shigowa Hillat Mato a ɓoye.

"Malesh, ya Sit," in ji shi, wato sai haƙuri. "Biyar cikin talatin da ɗaya. Akwai garin da ke jiran bencin nan, yaransu a ƙasa suke zaune."

Na ce masa jarrabawar bara ce wannan. Na ɗauko damin kara na ajiye a gabansa, na yi masa bayanin gwangwani da tawada da jan zare. Ya saurara yana ɗan murmushi irin wanda ake yi wa yaro in ya kawo motar kara.

"Dabara ce mai kyau," ya ce. "Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mutanenku gwanayen aiki ne, ba wanda ya kai su a gona. Hannun da Allah ya yi don auduga, me ya sa za ki wahalar da shi da alƙalami?"

Nan shattar ta tashi. Na ce masa hannun da ya cire audugar wandon da ke jikinsa ba zai gaza riƙe alƙalami ba. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina, amma bakina ya riga ya kwance.

"Zaro kowane kara ka ga dama," na ce. "Ka kira mai shi ta karanta. In ka sami kara ɗaya da ya yi ƙarya, kwashe bencinka, ni zan taya ka ɗaurewa."

"Ke kika faɗa."

"Ni na faɗa."

Ya sa hannu cikin damin ya zaro ɗaya ya ɗaga shi wajen haske. Tun kafin ya karanta sunan na hango ɗigon tawadar nan a gindi, na san na Asabe ne. Sai na ga tsagogi sun hau, sun wuce jan zaren, sun ci gaba. Ya ƙirga a fili, goma sha uku. Tsagata miƙaƙƙiya ce siririya. Shida na sama a karkace suke, masu faɗi, irin na wuƙar yanka kuɓewa.

Aka kira Asabe. Ta fito, ta ga baƙo da tabarau yana kallonta, ta ga mata sun cika taga. Na ɗora gwangwani. Ta karanta biyar, ta shida ta gagare ta, gwangwani ya yi ƙasa. Ustaz ya zaro wani karan, na Lami, ashirin da biyu a jiki, ta karanta goma sha takwas. Ya zaro na uku, shi ma haka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma ban san ko wa zan shaƙe ba.

Sai ga murya daga ƙofa, da Hausa.

"Wai mi anka yi ne kowa ya yi tsit? Don ɗan gyaran da munka yi?"

Barakatu ce, ta raba mata ta shigo da ƙwaryar gyaɗarta a hammata. Na juya na kira ta yadda muke kiran kaka, na ce, "Haboba, wane gyara?"

"Gyara mana, ya Sit. Ni na yi mata. Kowace Juma'a guda." Ta gyara zaman ƙwaryarta, ko alamar laifi babu a fuskarta. "Shekara arba'in ina awo, ban taɓa miƙa ma mutum mudu a shafe ba, ko baƙo ne ɗan lori. Ɗiyar ga ta wuni rana tana cira, an tashi ta zauna tana bitar takardarki, sannan karanta shi tsaya inda kinka bar shi? Na duba na ga hannunki da rowa, wallahi. Shi ne na ƙara mata."

"Mu ma mun ƙara," in ji wata daga taga. Wata ma ta ce haka. Ashe a can sansanin Managil sun ga Barakatu tana yi, kowace ta ce ɗiyarta ba za ta koma gida da kara a shafe ba alhali ta maƙwabciya da gyara. Da zuciya ɗaya suka yi, yadda suke ɗora ɗan ƙari a kan mudun gero ko ludayin nono. A wurinsu awo ba gyara rashin tarbiyya ne.

Abin da na faɗa musu a wannan lokaci ba zan maimaita shi duka ba, don wasunsu sun rasu, Allah ya yafe mana. Na dai ce musu ilmi ba gyaɗa ba ne, kuma da wuƙaƙensu sun yanka makarantar 'ya'yansu yadda ko maƙiyi bai iya ba.

Ustaz ya nemi a fassara masa, na fassara ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya goge, ina ganin yana danne dariya.

"Halas, magana ta ƙare, ya Sit. Ke da bakinki kika yanke." Ya ɗaga wa leburori hannu.

Na ce, "Tsaya. Tsagogin sun yi ƙarya, na yarda. Amma baƙin tawada nawa ne, jan zare nawa ne, ga ƙaro nan a ƙulle ba wanda ya taɓa. Manta da abin da ke tsakani. Ka auna su yau da hannunka, ka ga wadda ta kai zarenta."

"Yara talatin da ɗaya? Ana jirana a Abu Hujar kafin azahar."

"To su jira."

Ya ce da leburori su ɗauka. Na ce da yaran su tashi su tsaya jikin bango, na je na zauna daram a kan bencin farko na harɗe hannu. Na san na yi alkawarin taya shi ɗaurewa, kuma na san ina karya shi. Na gwammace a ce Mairama ba ta da alkawari da a ce 'ya'yan Hillat Mato ba su da kai.

Barakatu ta dube ni, ta dubi leburorin. Sai ta ajiye ƙwaryarta, ta juya wajen taga.

"Ku kuna nan kuna kallo awa an zo wasan kura? Mu munka ɓata, ku shigo mu zauna."

Suka shigo kuwa, masu goyo da masu ciki da tsofaffi, suka cika benci takwas ɗin nan maƙil har suna ƙara. Barakatu ta zauna kusa da ni ta ce da babban cikin leburorin, da Larabcinta na kasuwa, in zai ɗauka ya ɗauka da ita, dama ta daɗe ba ta ga Sinja ba. Mutumin ya dubi Ustaz ya ce shi kam ba zai sa hannu a bencin da matar wani ke kai ba, ko za a kore shi. Ya yar da igiya ya koma inuwar lori.

Ustaz Abdussalami ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ja kujerata ya zauna, ya ce in miƙo masa gwangwanin. Ya ɗora shi a ruwa yana kallon agogonsa har ya nutse. Ya zubar ya sake, ya kuma sakewa. Sau uku, minti ɗaya da rabi, ba ƙari ba ragi. Na ga fuskarsa ta ɗan sauya. Mutumin awo ne, ya ga abin awo na gaskiya.

"Ashirin da biyar," ya ce. "In ashirin da biyar suka kai zarensu, benci ya zauna. In ashirin da huɗu ne, matan nan su tashi da ƙafarsu, ba gardama. Ni zan zaɓi shafi, ni zan ƙirga."

Ashirin da biyar ya yi yawa, na sani. Amma wanda ya ce zai haɗiye gatari sai a riƙe masa ƙota, kuma ni ce na ce zan haɗiya. Na ce na yarda. Na fassara wa mata, suka ce sun ji.

Aka fara. Yarinya ta fito, ya duba baƙin tawada, ya duba lambar zare, ya buɗe shafi, in ɗora gwangwani. Wadda ta kai, a ajiye karanta dama. Wadda ta gaza, hagu. Lami da ta ba mu kunya ɗazu ashe zarenta a goma sha bakwai yake, ta karanta sha takwas, ta wuce dama. Ta taso da huɗu. Na ga ya rubuta lambobin biyu a gefen takardarsa, inda ba gurbi. Rana ta take, ɗaki ya yi zafi, jarirai na kuka ana ba su nono, ba wadda ta motsa daga benci. Azahar ta yi ta wuce, Abu Hujar na can na jira.

Da aka zo ƙarshe, kara ashirin da huɗu ne a dama, biyar a hagu. Saura biyu: Hadizatu, wadda na ajiye da gangan don in rufe da ita, da Asabe, wadda ya ce a bar ta ta huce. Na yi ajiyar zuciya. Hadizatu ce fa.

Ta karanta kamar ruwan famfo, ba tuntuɓe. Ustaz har yana gyaɗa kai. Gwangwani ya nutse, ya dubi yatsunsa, ya dubi karan.

"Arba'in da biyu. Zarenta arba'in da biyar." Ya juya karan a hannunsa. "Yarinyar nan ta fi rabin 'yan ajin Sinja. A jarrabawata za ta ci har ta yi saura. Uku ne kawai, ya Sit. Mu sa ta dama, kowa ya huta."

Ya miƙa hannu zai ajiye karan a dama. Na riƙe ɗaya bakin.

"Hagu," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin fahimci abin da na ce? Ashirin da biyar ke nan. Kin ci."

"Na fahimta. Gyara kake ba ni. Yanzun nan na gama zagin iyayena a kan gyara, ba zan karɓa daga hannunka ba."

Ba taurin kai kaɗai ba ne, ko da yake akwai shi. Na san in na karɓa, baɗi wani mufattishin zai zo ya buɗe takarda ya ce tausayi aka ji musu, ya dawo da lorinsa. Kuma yaran nan talatin da ɗaya suna kallona. Wata shida ina gaya musu zare zare ne.

Matan da suka gane abin da ke faruwa suka hau salati. Barakatu ta finciki zanena. "Ke ɗiyar Maliki, hauka kike? Mutum ya ba ki, kin ƙi? Wa ya rage? Asabe fa ta rage!" Hadizatu kuwa ta fashe da kuka. Na kamo ta na faɗa da ƙarfi, da Hausa sannan da Larabci, don kowa ya ji: laifin ba nata ba ne. Ta ƙaru da ashirin da biyu, ba wadda ta yi haka a ajin. Ni ce na ɗaura mata zare inda nake so a gan ni, ba inda ƙafarta za ta kai ba. Na sa karanta a hagu da hannuna, kuma ya yi mini ciwo.

Aka kira Asabe. Da safe biyar ta yi. Mafi yawan abin da ta taɓa yi a gabana bakwai ne, zarenta kuma tara. Na durƙusa a gabanta na ce, "Asabe, kin yi bita a Managil?" Ta gyaɗa kai. "Kullum?" Ta sake gyaɗawa. Na ce, "To ba ruwanki da wanga mutum, ba ruwanki da benci. Ki ɗauka yau Alhamis ce. Ke da gwangwaninki ne."

Ta yi magana ƙasa-ƙasa, sai da na kai kunne. Wai ran Alhamis ita take ɗora gwangwanin da kanta. Na gaya wa Ustaz, ya ce ba laifi. Barakatu, ba wanda ya ce mata komai, ta juya ta ba jikarta baya ta fuskanci bango, ta ce da sauran su ma su kau da ido. Mata benci takwas suka juya suna kallon laka.

Asabe ta ɗora gwangwani da hannu biyu. Ta sa farfasasshen yatsanta a ƙarƙashin layi. Ta faɗi ta farko, ta faɗi ta biyu. Ba sauri take ba, tana cire su ne ɗaya-ɗaya yadda ake cire auduga daga ƙwanso. Ustaz yana naɗe yatsu. Biyar. Shida. Bakwai. A ta takwas ta tsaya. Doguwar kalma ce, ina ganin leɓɓanta suna haɗa ta suna warwarewa. Ruwa ya wuce rabin gwangwani. Na san kalmar, tana kan harshena, na cije shi har na ji ɗanɗanon jini. Da na yi ko tari ne da na zama Barakatu.

Ta faɗe ta, daidai. Ta tara gajeriya ce, ta fito da ita kamar ta daɗe da saninta. Ustaz ya naɗe yatsa na tara. Gwangwani ya karkata, ruwa ya kai baki, Asabe ba ta ɗaga kai ba. Ta faɗi ta goma, sannan ya yi ƙasa.

"Ashara," in ji Ustaz Abdussalami. Goma.

Barakatu ta juyo a hankali, fuskarta jage-jage da hawaye, ta nuna ni da yatsa.

"Kin gani, marowaciya? Tara ne awonki. Ta goma gyara ce, kuma ita ta ba ki. Jikata ce, ba ta miƙa mudu a shafe."

Guɗar da aka yi a ɗakin nan har direban lori sai da ya leƙo. Ni ban yi guɗa ba, na zauna a ƙasa kusa da daro ina kuka, ni Sit Shatta, a gaban mufattishi.

Ya daɗe yana rubutu, gurbin takardarsa bai ishe shi ba har ya juya bayanta. Bai ba ni haƙuri a kan maganar hannun auduga ba, ni ma ban ba shi haƙuri a kan wandonsa ba. Da ya tashi ya ce da leburori su naɗe igiya. Sai ya ɗauki karan Asabe ya ce zai tafi da shi Sinja ya nuna a ofis.

Asabe, wadda ba ta taɓa yi wa babba magana ba a tambaye ta ba, ta kama ƙarshen karan ta riƙe gam. Ta ce masa da Larabcinta mai tuntuɓe ba za ta bayar ba, ba a ɗaura mata sabon zare ba tukuna. Ya sake mata, ya fita. Lori ya juya ba komai a bayansa.

Na ɗauko wuƙata na kankare tsagogin nan shida na karkace, na yi mata uku miƙaƙƙu a kan bakwai ɗinta. Na warware jan zare na tambaye ta ina za ta kai kafin kogi ya cika. Na yi niyyar in ce goma sha biyar.

"Ashirin," in ji Asabe.

Barakatu ta leƙo ta kafaɗata za ta yi magana. Na ɗaga mata wuƙar, ta haɗiye. A ashirin na ɗaura.